Idan An Wuce Ƙa'ida Wajen Shan Maganin Hawan Jini

Magungunan hawan jini, irin su amlodipine da nifedipine da atenolol, aikinsu saukar da jini ne. To, idan mutum ya sha fiye da ƙa'ida, ko yaro ya tsinci ƙwayoyin kakarsa ya haɗiye, jini yakan faɗi ƙwarai, zuciya ta rage bugawa. Alamun su ne jiri, da kasala, da gumi mai sanyi, har da suma.

Wasu ƙwayoyin a hankali suke narkewa, watau mutum yakan yi awoyi garau kafin abin ya kada shi. Saboda haka kada a jira alama. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalin maganin, a faɗa wa likita ƙwaya nawa ya sha, da ƙarfe nawa.

A can akan ba shi gawayi na musamman in ya iso cikin awa 1, a yi masa ƙarin ruwa, da allurar kalsiyam ko insulin da sukari, gwargwadon irin maganin. Wanda kuwa ya manta da na jiya, kada ya haɗa biyu yau.