Mu kalli ƙwaƙwalwa tana aiki

Yara, ku ɗora hannu bisa kanku. Me kuka ji? Gashi da fata, ƙarƙashinsu kuma ƙashi mai tauri, wato ƙoƙon kai. Cikin ƙoƙon nan ƙwaƙwalwa take. Da ita kuke karanta wannan shafi. Da ita kuke tuna hanyar gida. Da ita kuke jin daɗi ko ɓacin rai. Wataƙila kun ga ƙwaƙwalwar rago lokacin layya, in an fasa kai. Amma wannan ta daina aiki. To, yaya za mu ga yadda mai rai take aiki? Yau akwai hanya mai sauƙi: bidiyon koyarwa da ake kallo ta intanet.

Koyo da hoto mai motsi

Koyo da hoto mai motsi ba baƙon abu ba ne a Yamai. A shekarar 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, aka fara talabijin ta makaranta a Nijar. Ana shirya darussa a Yamai da Faransanci, yara su kalla cikin aji, kana malami ya ƙara musu bayani. A shekarar 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro yake fara karatu da harshen gidansu. Irin makarantarku ke nan.

Yanzu akwatin talabijin ya shiga tafin hannu. Tun da aka kafa YouTube a shekarar 2005, malamai da likitoci na ƙasashe da yawa suna sa darussa cikin intanet. Mai salula yana iya kallonsu. Darasin talabijin in ya wuce, ya wuce. Bidiyo kuwa ana iya tsayar da shi, a mai da shi baya, a sake kallo har a gane.

Abin da bidiyo yake nunawa

A bidiyo, sai a zana kan mutum kamar na gilashi, a ga abin da ke ciki. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Taushi gare ta, kuma bayanta duk lanƙwasa ne. Ko da yake ƙarama ce, in aka kasa ƙarfin da jiki yake samu daga abinci kashi 5, kashi 1 nata ne. Shi ya sa karatu yake yi wa mai jin yunwa wuya.

Kowane sashe da aikinsa. Babban sashe yana sama, ya rabu biyu, dama da hagu. Ɓangaren hagu shi ke motsa hannun dama da ƙafar dama, na dama kuma ya motsa na hagu. Wajen ƙeya ake gane abin da ido ya gani. Ƙasa da nan akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ita ke hana ku faɗuwa in kuna tuƙa keke ko kun ɗauko tulu a kai. Sai gindin ƙwaƙwalwa, wanda ya haɗu da laka. Shi ke kula da numfashi da bugun zuciya, ko kuna barci.

In aka ƙara girman hoton, sai a ga ƙananan ƙwayoyi masu rassa kamar itacen da ya kaɗe ganye. Ƙwayoyin jijiya ke nan, da Faransanci neurones. Yawansu ya kai wajen miliyar 86, kuma kun san miliyar ɗaya miliyan dubu ce. Wani likita ɗan ƙasar Sipaniya, Santiago Ramón y Cajal, ya daɗe yana dubansu da madubin likita, yana zana su da hannu. Shi ya nuna cewa kowace ƙwaya daban take da ƴar uwarta. An ba shi lambar Nobel a shekarar 1906.

Saƙo yana bin ƙwayar kamar wutar lantarki cikin waya. A wasu jijiyoyi yana cin fiye da mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya, wato tsawon filin ƙwallo. Amma tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan rata. Ku tuna da kogin Isa kafin a gina gadar Kennedy. Mai zuwa Harobanda sai ya shiga jirgin ruwa. Haka saƙo yake yi: ƙwaya ta saki wani sinadari, ya ƙetare ratar, ya isar da saƙo ga ta gaba. Duk sa'ad da kuka maimaita darasi, mashigin nan yana ƙara ƙarfi. Abin da ake kira koyo ke nan.

In ɗan ajinku ya faɗi

Me wannan sani zai amfana muku? Ga misali. A ce ana cikin darasi, sai wani ɗan ajinku ya faɗi ƙasa. Jikinsa ya sandare, yana karkarwa, kumfa tana fita daga bakinsa. Sau da yawa yara sukan watse da gudu. Wasu su ce kada a taɓa shi, wai yawunsa yana sa cutar. Wani yaron, daga ranar nan ba ya sake komawa makaranta saboda kunya.

Wannan ciwo shi ne farfaɗiya, da Faransanci épilepsie. Wanda ya kalli bidiyonsa zai ga abin da ke faruwa: ƙwayoyin jijiya masu yawa ne suke sakin wutarsu gaba ɗaya, ba tsari, na ɗan lokaci. Tun shekarar 1924 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara auna wutar ƙwaƙwalwar mutum da na'ura. Irin wannan awo yana taimakon likitoci su gane ciwon.

Abubuwa da dama suna kawo farfaɗiya: wahalar haihuwa, buguwa a kai, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau. Sanƙarau kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ne. Mun san shi a ƙasarmu. A shekarar 2015 ya yi tsanani har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki cikin watan Afrilu. Sanƙarau ana ɗaukarsa. Farfaɗiya kuwa ba a ɗaukarta, ko ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum miliyan 50 ke da ita a duniya. Ta ce kuma cikin 10, har 7 suna iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai.

In abin ya faru gabanku, ga abin yi. Kada ku gudu. Ku kawar da tebur, ko wuta, ko duk abin da zai ji masa ciwo. Ku sa riga ko zane ƙarƙashin kansa. Kada ku danne shi. Kada ku sa masa cokali ko yatsa a baki. In karkarwar ta tsaya, ku juya shi ya kwanta bisa gefensa. Kada a ba shi ruwa sai ya farfaɗo sarai. Wani ya kira malam. In abin ya wuce minti 5, a kai shi gidan likita nan da nan.

Ciwon da ba a gani

Akwai ciwon da ba ya kada mutum ƙasa, amma yana hana shi zaman lafiya. Wani sai baƙin ciki ya rufe shi mako da mako, ba ya cin abinci, ba ya barci, ba ya son wasa. Wani tsoro ne ba dalili. Wani yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Duk waɗannan sun shafi lafiyar hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019, cikin mutum 8 na duniya, 1 yana fama da irin wannan ciwo. Ba lalaci ba ne, ba kuma abin dariya ba ne.

A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai akwai sashen masu ciwon hankali, wanda aka sani da sunan Pavillon E. Akwai kuma likitocin ƙwaƙwalwa da ke duba masu farfaɗiya. Ana koyar da likitoci a Jami'ar Abdou Moumouni. Iyaye suna yi wa marar lafiya addu'a, suna kuma kai shi asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Kowace shekara, ran 10 ga Oktoba, duniya tana tunawa da lafiyar hankali. An fara haka a shekarar 1992.

Ku ma kuna iya tsare ƙwaƙwalwarku. Yaro ɗan makaranta yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Ku kwana cikin gidan sauro. Ku karɓi allurar rigakafi. Ku nisanci ƙwayoyi irin su tramol, domin suna iya jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. In wani abu ya dame ku, ku gaya wa babba wanda kuka yarda da shi.

Ba kowane bidiyo ba ne malami

Intanet kamar Babbar Kasuwa take: akwai kaya masu kyau, akwai jabu. Kafin ku yarda da bidiyo, ku yi tambaya uku. Wa ya yi shi, asibiti ko jami'a, ko mutumin da bai faɗi ko shi wane ne ba? Koyarwa yake yi, ko talla? Abin da ya faɗa ya yi daidai da littafinku da bayanin malam? Wanda ya ce maganinsa ɗaya yana warkar da kowace cuta, kuɗinku yake so.

Ko bidiyo mai kyau ma ba likita ba ne. Ba ya ganinku, ba ya auna ku. Kada wani ya sha magani ko ya daina sha don ya kalli bidiyo. Kuma kada ku ɗauki hoton marar lafiya a titi ku aika wa abokai. Ɗan wani ne, ko uwar wani.

Yawancin bidiyon nan da Faransanci ko Ingilishi aka yi su. Iyayenmu da yawa ba sa jin waɗannan harsuna. Ku kuwa kuna koyon karatu da harshe biyu. Ku kalla tare da malam, ku gane, kana ku mai da bayanin cikin Hausa, ku kai gida. Wataƙila a unguwarku akwai yaron da aka cire daga makaranta saboda farfaɗiya. Ku gaya wa iyayensa ciwon yana da magani.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara talabijin ta makaranta a Nijar?
2. Wane sashe na ƙwaƙwalwa ke kula da numfashi?
3. Yaya saƙo yake ƙetarewa daga ƙwayar jijiya zuwa wata?
4. Ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu?
5. Ku faɗi abu biyu da ba a yi wa mai farfaɗiya in ya faɗi.

Aiki

Ku zana kan mutum, ku nuna sassa uku na ƙwaƙwalwa. Ku rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci. Bayan haka ku kasu uku uku, ku gwada yadda ake taimakon wanda ya faɗi.