Shin Ko Kun San? Lambobin Girma da Ilimin da Aka Gwada a Ƙasar Adar

Idan bukukuwan ƙasa suka zagayo, akan ga manya sun jeru ana maƙala musu lambar girma a ƙirji. Sojoji da 'yan siyasa aka fi ganewa a cikinsu, amma jerin bai rasa malaman jami'a, likitoci da masana aikin gona ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, ilimi mai yawa da ya jawo wa masana yabo a duniya, a gonakin ƙasar Hausa aka gwada shi, ciki har da na Madawa, Buza da Keita a jihar Tawa. Ga kaɗan daga ciki.

LAMBOBIN KANSU

Shin ko kun san cewa babbar lambar girma ta Nijar, Ordre National du Niger, an kafa ta a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai? Matakai biyar gare ta. Ana farawa daga Chevalier, sai Officier, sai Commandeur, sai Grand Officier, sannan Grand-Croix wadda babu ta sama da ita.

Shin ko kun san cewa malamai da manoma suna da nasu lambobin daban? Palmes Académiques ta masu koyarwa da bincike ce, Mérite Agricole kuwa ta waɗanda suka ciyar da noma, kiwo da gandun daji gaba. Duka biyun daga Faransa aka gaji tsarinsu: ta malamai ta samo asali a 1808 zamanin Napoleon, ta manoma kuma a 1883.

Shin ko kun san cewa tun kafin zuwan Turawa masu mulkin ƙasar Hausa suna karrama gwanaye? Lambarsu ita ce sarauta da rawani. A Zariya, maginin nan Muhammadu Durugu ya riƙe sarautar Babban Gwani, kuma shi ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Da laka da azara ya ɗaure bakan gizon da ya ɗauki rufin, ba siminti ba ƙarfe.

Shin ko kun san cewa a tsohuwar al'adar ƙasar Maraɗi sarautar Sarkin Noma da gumi ake samunta? Sai manomi ya tara dami dubu na hatsi, ya yi bikin dubu, ya rabar da dukiyar ga jama'a. Shaidarsa a fili take, kowa na iya ƙirga damman da idonsa.

MAI KAMA ZAFIN RANA

Shin ko kun san cewa babbar jami'ar Yamai sunan wani haifaffen Tasawa take ɗauke da shi? An haifi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a 1929, ya rasu a ranar 7 ga Afrilu 1991, kuma a 1992 hukuma ta raɗa wa jami'ar sunansa. Masanin kimiyyar fiziks ne. A 1956 ya ci jarrabawar agrégation ta Faransa a wannan fanni, shi ne na farko da ya yi haka daga ƙasashen baƙar fata rainon Faransa.

Shin ko kun san cewa daga 1969 ya jagoranci ONERSOL, ofishin ƙasa mai binciken makamashin rana? A lokacin da duniya ta raja'a a kan man fetur, shi da ma'aikatansa suna ƙera tukunyar dafa ruwa, murhun girki da injin da zafin rana ke juyawa. Nijar ta ba shi lambar Commandeur ta Ordre National, hukumar duniya mai kare haƙƙin masu ƙirƙira kuma ta ba shi lambar zinariya.

Shin ko kun san cewa tashar farko da ta fara zuba wutar hasken rana mai yawa a layin lantarkin Nijar a jihar Tawa take? A Malbaza, maƙwabciyar Madawa, aka buɗe ta a 2018, da ƙarfin megawat 7. Shekara 27 ke nan bayan rasuwar mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana aiki a kan makamashin rana.

SUNAYE A ƘOFAR JAMI'A

Shin ko kun san cewa raɗa wa jami'a sunan masani ya zama babbar hanyar karramawa a Nijar? Jami'ar Maraɗi tana amsa sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyya kuma tsohon ministan ilimi, wanda daga 1974 ya shugabanci ACCT, hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ta Tilaberi tana ɗauke da sunan Boubakar Ba, masanin lissafi kuma shugaban farko na jami'ar Yamai. Ta Damagaram kuwa sunan André Salifou, masanin tarihi.

Shin ko kun san cewa jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, sunan Farfesa Djibo Hamani aka ba ta? Shi ne ya rubuta tarihin Adar kafin mulkin mallaka, littafin da ya fito a 1975, sannan ya yi wani babban aiki a kan daular Abzin. Ɗalibin da ya fito daga Buza ko Keita yana shiga ƙofar da ke ɗauke da sunan wanda ya rubuta labarin kakanninsa.

KWARIN MAJIYA DA TUDDAN KEITA

Shin ko kun san cewa masana gandun daji na duniya suna buga misali da kwarin Majiya na gundumar Buza? A 1975, wani jami'in gandun daji ɗan Nijar, Daouda Adamou, da wani Ba'amurke ɗan sa kai, Don Atkinson-Adams, suka sami tallafin ƙungiyar CARE don dasa shingen itatuwa masu tare iska. Dogon yaro aka dasa, layi biyu-biyu, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin shinge da shinge. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya kai ɗaruruwan kilomita.

Shin ko kun san yadda shingen yake ƙara hatsi? Iskar da ke ratsa kwarin tana kwashe ƙasar sama mai albarka, tana binne shuka da rairayi, tana busar da laima. Da itatuwan suka tashi, iska ta rage ƙarfi, danshi ya daɗe a ƙasa. Awon da masu bincike suka yi ya nuna amfanin gona a bayan shinge ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100. Daga baya aka fara sassabe rassan, mutane suka sami itacen girki da na gini.

Shin ko kun san cewa furojen Keita na farfaɗo da ƙasa ya fara aiki a 1984, shekarar babban fari? Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta kawo ƙwararru, hukumar abinci ta duniya PAM ta biya ma'aikata da cimaka. Cikin kusan shekara 20 an farfaɗo da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da ta mutu, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, aikin kuma ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak.

Shin ko kun san cewa dabarar Keita gaba ɗaya ita ce hana ruwan sama gudu? A kan tudu ana haƙa ramuka a dasa itace. A gangare ana jera duwatsu da kunyoyin ƙasa su tare ruwa. A cikin ƙoramu ana gina madatsai don ruwa ya tsaya ya nutse. Idan ya nutse, ruwan rijiyoyi ya matso kusa, noman rani ya samu.

Shin ko kun san cewa mata ne mafi yawan waɗanda suka yi wannan aikin? Maza da yawa sun tafi cin rani a ƙasashen gaɓar teku da Nijeriya. Mata suka ɗauki diga da shebur, suka fasa fako, suka ɗauko duwatsu a ka.

ILIMIN MANOMA DA AKA YABA A WAJE

Shin ko kun san cewa gwamnatin Nijar ta ba wani ɗan Ostareliya lambar Commandeur ta Mérite Agricole saboda sassabin zamani? Tony Rinaudo ya lura a 1983, a jihar Maraɗi, cewa kututturan da ake gani a gona saiwoyinsu da rai. Idan manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa ko an yi ban ruwa ba. Manoma suka karɓa suka yaɗa da kansu, har binciken masana ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2019 ƙasarsa ma ta ba shi lambar Order of Australia.

Shin ko kun san cewa tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki a shuka a fako, ta sami sabon ƙarfi a Adar bayan wata ziyara? A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan, suka dawo suka gwada. Dabarar ta bazu a ƙasar Badagishiri har fakon da a da ba mai so ya koma ana cinikinsa. Manomin da ya yi suna da wannan aiki a Yatenga, Yacouba Sawadogo, bai yi boko ba, amma a 2018 shi da Rinaudo suna cikin waɗanda aka ba kyautar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin.

Shin ko kun san cewa wani magini manomi na jihar Tawa ya ci kyautar gine-gine ta duniya? Falké Barmou ya fara ginin masallacin Juma'a na Yama da laka a 1962, jama'ar gari suna taya shi da hannu da hatsi. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan.

Shin ko kun san cewa albasar Galmi, wadda ake nomawa sosai a Madawa da kwarin Tarka, ta kusa zama mallakar wani kamfani? A ƙarshen shekarun 2000 kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal ya nemi hukumar OAPI, mai mazauni a Yawunde, ta ba shi haƙƙin irin da sunan Violet de Galmi. Manoma da hukumomin Nijar suka ƙi yarda. Daga bisani aka yi wa albasar rajista a matsayin amfanin da sunansa ke ɗaure da yankinsa, kamar yadda aka yi wa kilishin Nijar. Wannan ma karramawa ce, ga zuriyar manoman da suka daɗe suna zaɓen iri.

DAGA DAWAR NIJAR ZUWA FADAR AMURKA

Shin ko kun san cewa babbar lambar kimiyya ta gwamnatin Amurka, National Medal of Science, majalisar dokokin ƙasar ce ta kafa ta a 1959? Shugaban ƙasa ne ke rataya ta da hannunsa. Na farko da ya karɓa shi ne Theodore von Kármán, masanin kimiyyar jiragen sama, daga hannun Shugaba Kennedy a 1963.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓe ta a Oktoban 2023 daga hannun Shugaba Biden yana da aiki a gonakin Nijar? Farfesa Gebisa Ejeta, haifaffen Habasha kuma malami a jami'ar Purdue, ya yi aiki da masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar da aka kafa a 1975, wajen fitar da irin dawa mai aure da ake kira NAD-1. A 2009 ya riga ya karɓi kyautar abinci ta duniya.

Shin ko kun san sirrin ƙuduji da bincikensa ya taimaka wajen tonawa? Ƙwayar ƙuduji tana iya kwana shekaru a ƙasa ba ta tsira ba, sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Da ta ji, sai ta tsira ta maƙale wa saiwar tana tsotsa. Ejeta da abokan aikinsa suka nemo dawar da ke fitar da sinadarin kaɗan ƙwarai, suka haɗa ta da iri masu yabanya. Ƙuduji yana ƙasa, amma bai sami labarin an yi shuka ba.

MAƘWABTA DA NAHIYA

Shin ko kun san cewa Nijeriya tana da lambar da masana kaɗai ake ba wa? Ita ce NNOM, wadda aka kafa a 1979 don fannonin kimiyya, likitanci, injiniyanci da adabi. Marubuci Chinua Achebe yana cikin waɗanda suka fara karɓa. Tarayyar Afirka kuma ta ƙaddamar da kyautar kimiyya a 2008, wadda ake kira da sunan Kwame Nkrumah, babbarta tana ɗauke da dala 100,000.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, kuma wannan jeri ya nuna gwanayen iri biyu ne: masu ɗakin bincike da masu fartanya. Na farkon suna da takardu da suke shaidarsu. Na biyun shaidarsu tana bakin mutane, alhali waɗanda suka dasa shingen Majiya a 1975 da matan da suka fasa fakon Keita a 1984 sun manyanta. Lambar Mérite Agricole domin irinsu aka yi ta. Ya rage ga hakimai, magadan gari da ƙungiyoyin manoma na Madawa, Buza da Keita su rubuta sunayensu da ayyukansu, su miƙa wa hukuma tun suna raye.