Keken motsa jiki na cikin gida: abin dubawa kafin a saya

Keken motsa jiki na zamani yana auna ƙarfin tuƙi da watt, kuma shi da kansa yake ƙara nauyin feda idan manhaja ta nuna hawan tudu. Kafin a saya, a tabbatar yana da Bluetooth ko ANT+, domin ta nan yake haɗuwa da manhajoji kamar Zwift da Rouvy. Manhajojin na buƙatar intanet da kuɗin wata-wata, don haka a lissafa su cikin farashi.

Inda ake yawan ɗauke wuta, Tacx Neo Bike yana aiki ko ba a jona shi ba, domin tuƙin ne ke ba shi lantarki. Sirdi kuma ya daidaita da tsawon mai hawa, in ba haka ba gwiwa ce za ta sha wahala.