Murfin Gilashi: Ƙarfinsa a Fatarsa Yake

Da wuya a shiga kicin ɗin amarya yau ba a ga jerin tukwane masu murfin gilashi ba. Mata na son su domin ana ganin tafasar miya ba sai an buɗe ba. Sai dai wata rana murfi kan tarwatse a kan wuta, ko ma yana ajiye ba wanda ya taɓa shi, sai a ce jabu ne. Sau da yawa ba jabu ba ne, tsohon rauni ne ya tashi.

A masana'anta ana gasa gilashin har zafinsa ya haura digiri 600, sannan a feso masa iska mai sanyi nan take. Fatar waje kan riga cikin daskarewa. Idan cikin ya zo hucewa sai ya tsuke, ya janyo fatar ta matse tamau. Wannan matsi ne ke sa ya fi gilashin taga ƙarfi kamar sau huɗu, kuma idan ya fashe ya zama 'yan tsakuwoyi, ba manyan ɓaraguzai masu kaifi ba.

Masana sun daɗe da sanin wannan sirri. A wajajen 1660 Yarima Rupert ya kai wa Sarki Charles na Biyu na Ingila wasu ɗigon narkakken gilashi da aka ɗiga a ruwan sanyi, kowanne da kai da siririyar jela. Kan yana jure bugun guduma, amma da an karya jelar sai duka ya zama gari. Murfin tukunya ma yana da tasa jelar: gefensa, da duk inda aka ƙwarzane fatarsa.

Don haka soson ƙarfe da yashi da toka, waɗanda muka saba dirje gindin tukunya da su, ba su dace da shi ba. Soso mai laushi da sabulu sun isa. Kada a ɗauke shi daga kan wuta a tsoma a ruwan sanyi, musamman da hunturu, kada kuma a ajiye shi a jiƙaƙƙen siminti. A ɗora shi kan busasshen tsumma ya huce. Harshen wutar gas ko ta gawayi kada ya zarce gindin tukunya har ya lashi bakin murfin, kuma kada a bar shi kan tukunyar da ruwanta ya ƙone. Idan mariƙinsa ya yi sako-sako, a ɗaure shi a hankali, ba da ƙarfin tsiya ba.

Murfin da ya tsage ko gefensa ya ɓantare ya gama aiki, a jefar da shi. Idan kuwa ya fashe a kan abinci, a zubar da abincin gaba ɗaya. Tsince gilashi daga miya ba ya yiwuwa, kuma asarar tukunya guda ta fi sauƙi a kan ɓarɓashi ɗaya ya shiga cikin yaro.