Hukuncin Wanda Ya Ƙi Biyan Hakkin Matar Da Ya Saki

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu na ƙasar Daura, watau cikin ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango. Sau da yawa mutum yakan je ƙofar hakimi yana kuka, wai alƙali zai ɗaure shi saboda tsohuwar matarsa. Ya kamata hakimi ya san amsar da zai ba shi. Amsar kuwa ita ce, kotu ba ta ɗaure mutum don talauci. Wanda take ɗaurewa shi ne mai hali wanda ya ji umurni ya ƙi bi.

Irin bashin da ake magana

Idan aure ya mutu akan bar hakkoki a baya. Akwai ragowar sadaki, da ciyarwar idda ga wadda aka yi wa sakin kome, da ciyar da mai ciki har ta haihu, da ladan shayarwa, da abinci da tufafin 'ya'ya. A mazhabar Maliki uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin miji. Haka kuma matar da ta fanshi kanta ta hanyar hul'i, abin da ta yi alkawari bashi ne a kanta. Da zarar alƙali ya yanke ko nawa ne, to, magana ta wuce ta tsakanin miji da mata, ta zama umurnin kotu. Ƙin binsa da gangan shi ake kira raina kotu.

Inda ikon yake

A zamanin En'e kotunan alƙalai da gidan yari suna hannun Sarki da majalisarsa. Dokar 1967, wadda ta fara aiki cikin 1968, ta mayar da kotunan hannun gwamnati, gidajen yari kuma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. An kafa Jihar Katsina cikin 1987, sa'an nan cikin 2000 ta kafa kotunan Shari'a. Saboda haka yau hakimi ba shi da ikon yanke bashi, balle tsare wanda ake bi. Sashe na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tauye wa mutum 'yancinsa sai da dalilan da ya lissafa, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne ƙin bin umurnin kotu.

Masu bashi iri uku ne

Littattafan da alƙalanmu suke aiki da su, kamar Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, sun raba masu bashi gida uku.

1. Wanda aka san yana da hali. Shi wannan in ya ƙi biya sai a tsare shi, ko kuwa alƙali ya sa a sayar da wani abu daga dukiyarsa a biya mai hakki.

2. Wanda ba a san halinsa ba. Akan nemi ya kawo mai tsaya masa, in bai samu ba a tsare shi ɗan lokaci har a bincika. In ya kawo shaidu adalai cewa ba a san shi da dukiya a fili ko a ɓoye ba, ya kuma yi rantsuwa, sai a sallame shi.

3. Wanda rashinsa ya tabbata. Ba a ɗaure shi. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a jinkirta masa har ya samu.

Ba mu kaɗai ke bin wannan hanya ba. A Ingila dokar 1869 ta hana ɗaure mutane don bashi, amma ta bar wa alƙalai ikon ɗaure mai hali da ya ƙi biya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966, wadda Nijeriya ta shiga cikin 1993, ita ma ta hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka.

Abin da mai bashi ya kamata ya sani

Ga misali. An yanke wa mutum naira 20,000 kowane wata domin 'ya'yansa biyu. Ya biya wata uku, damina ta ɓaci, ya daina. In ya koma gaban alƙali ya bayyana halinsa, ana iya rage masa ko a yi masa jinkiri har kaka. In kuwa ya yi shiru, sammaci ya zo ya ƙi zuwa, sa'an nan aka gan shi ya kai sa kasuwar Mai'adua, ko ya ɗaura sabon aure, to, shi ya ɗaure kansa.

Lalle ne a faɗa masa abu uku. Na fari, zaman kurkuku ba ya biyan bashi; in ya fito yana nan yana jiransa. Na biyu, tsallake iyaka zuwa Magarya ko Matamai ba ya kashe hukunci, gonarsa da rumbunsa kuwa suna nan inda ya bar su. Na uku, in yana ganin an zalunce shi, ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take, daga Babbar Kotun Shari'a har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina. Amma tana da lokaci ƙayyadadde, kuma ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da biya sai kotu ta ba da umurnin tsayarwa.

Aikin hakimi da malaminsa

Babu wanda ya san halin talakawa kamar dagaci da mai unguwa. Su suka san mai shanu da wanda ya ci bashin iri. In kotu ta nemi shaidarsu, sai su faɗi gaskiya ba tare da son kai ba. Wanda ya ɓoye dukiyar mai hali ya ci hakkin yara. Wanda kuma ya ƙara wa matalauci abin da ba shi da shi ya jefa shi kurkuku a banza, gonarsa ta kwana ba noma, yaran nan dai su ne da yunwa.

Malamin hakimi kuwa ya riƙa gargaɗin mutane su kai kuɗi hannun magatakardan kotu su karɓi rasit. In an biya a gida, a rubuta rana da adadi gaban shaidu biyu. Hatsi ko akuya da aka bayar a madadin kuɗi, su ma a rubuta. Yawancin gardama daga rashin takarda take tasowa.

Sulhu alheri ne, kuma hakimi yana iya kiran iyaye da waliyyai ya daidaita su tun kafin magana ta yi nisa. Amma kada a tilasta wa mace ta yafe abin da kotu ta yanke, musamman abincin 'ya'ya. Abin da aka shirya a kai, a kai wa alƙali ya tabbatar da shi.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar ga jama'a.