Kafin ka ce inbatarka ta lalace, duba waɗannan

Rana na ƙwallewa, farantan sola suna kan rufi, amma inbata sai kuka take yi tana nuna jar wuta. Cajin wayarka ya kusa ƙarewa, ga masu jiran saƙonka a WhatsApp. Nan take zuciya ta ce maka jabu aka sayar maka. Dakata tukuna. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, kare kanta take yi.

Fara da wutar NEPA. Inbatar da aka haɗa da layi tana auna abin da ke shigo mata, kuma ƙa'idar Najeriya bolt 230 ce. Idan wutar ta zo da rauni, irin wadda ƙwai ke yin ja kamar garwashi, ko ta yi ƙarfi fiye da kima, ba za ta karɓa ba. In kuma taka irin marar batir ce, ana ɗauke wuta ita ma za ta tsaya, komai zafin rana. Haka aka ƙera ta, don kada ta tura wuta cikin layi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara.

Sai zafi da ƙura. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska da fankar cikinta, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a haka. In ta ɗau zafi, da kanta take rage aiki ko ta mutu. Kada ka kulle ta a ɗakin da iska ba ta shiga, kada a ɗora mata kaya. Share ramukan da busasshen buroshi, farantan kuma a wanke su da sassafe kafin su yi zafi.

In ta nuna lamba a fuskarta, ɗauki hoto kafin ka kashe ta. Duba littafinta, ko ka tura wa wanda ya haɗa maka. Wani lokacin ta waya ma zai warware maka.

Amma fa iyakarka ke nan. Kada bidiyon TikTok ya ruɗe ka ka kwance murfinta. Muddin akwai rana, wayoyin farantan na ɗauke da wuta, a manyan haɗi har ɗaruruwan bolt, kuma ko an kashe inbata wuta na saura a cikinta na wasu mintuna. Ka ji warin ƙuna ko ka ga waya ta narke? Kashe makunni, ka kira mai gyara. Kuɗin aikinsa bai kai na sabuwar inbata ba, balle ranka.