Kornaka: Kafin ka jefar da ekuter ɗinka, leƙa ramin wayar

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga arewa, mutane da dama a Kornaka kan wayi gari abin sauraronsu na kunne, wanda muka fi sani da ekuter, ya daina aiki: ko kunne ɗaya ke magana, ko sautin yana yankewa. Sai a yar da shi a sayi wani. Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau, wayar ce ta cika da datti.

Gwajin farko ba ya cin ko dala: saka ekuter ɗin a wayar wani. In ya yi magana daidai, matsalar tana ramin wayarka. Wannan rami mai faɗin milimita 3,5 yana tara ƙura da zaren aljihu, su dunƙule a ƙasansa har kan ekuter ya kasa shiga gaba ɗaya. Kashe wayar, ka ɗauki tsinken sakace na icce ka zaƙulo dattin a hankali. Kada ka sa allura, ƙarfe na iya lalata abin da ke ciki. Dattin nan ne kuma ke sa waya ta ɗauka akwai ekuter a jikinta alhali an cire, sai ta yi shiru ko ana kira. In kuwa kunne ɗaya ne ya yi ƙasa, duba ragar bakinsa. Dauɗar kunne ce ke toshe ta, busasshen burushin haƙori ya isa.

Akwai wata matsala da ke ruɗa har masu gyara. Kan ekuter mai zobe biyu na sauraro ne kawai, mai zobe uku yana da makirfo. To masu zobe ukun iri biyu ne: tsarin tsofaffin wayoyin Nokia daban yake da na Tecno, Itel da Infinix na yanzu. In aka haɗa su, sai ka ji kiɗa kamar daga cikin rijiya, muryar mawaƙi ta ɓace, amma da ka danne maɓallin amsa kira sai sauti ya dawo. Babu abin da ya lalace, ba su dace da juna ba ne. Ka kuma leƙa Paramètres, sashen Accessibilité, wurin Balance audio: yara masu wasa da waya kan ture shi gefe guda.

In sautin yana dawowa duk lokacin da ka motsa igiyar kusa da kanta, to ta tsinke a ciki. Naɗe ta a jikin waya ke jawo haka.

Na Bluetooth ba su da igiyar da za ta tsinke, amma ba sa wuce kamar mita 10, bangon laka ma na rage musu zango, zafin Afrilu da Mayu kuma yana kashe ɗan batirinsu in aka bar su a rana. Mai son labarai ya sani: a yawancin wayoyi igiyar ekuter ita ce eriyar rediyon FM, na Bluetooth ba zai kamo tasha ba.

Wajen sayen lasifikar gida, a nan ake asarar kuɗi mai yawa. Za ka ga ƙaramin akwati an rubuta masa 3000 W PMPO. Wannan lamba ta talla ce, ba ta da ma'auni tsayayye. Wadda za ka nema ita ce RMS, kuma 20 zuwa 30 W sun cika ɗaki har tsakar gida. A ganina ma kafin ƙarfin sauti, wutar da zai ci ya kamata a fara tambaya. Mutanen jihar Maradi ba su manta watan Agustan 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar. Akwatin da ba ya aiki sai da volt 220 na NIGELEC ado ne kawai ranar da babu wuta. Nemi mai batir a ciki, wanda kuma ke karɓar volt 12 na batirin sola, ka tambayi mai shago ko ana iya canja batirin in ya mutu. Ya kasance yana da FM da gurbin USB da na katin memwar.

In za ka gwada shi a kasuwar Maradi ko Dakoro, kada ka yarda da kiɗan da mai shago zai kunna, don dukan ganga yana ɓoye aibi. Sa wa'azi ko labarai daga wayarka, ka ƙara murya ka ji ko kalmomi na fita tas.

Saura kunnen kansa, wanda ba a sayar da shi a kanti. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarfin decibel 80. In wanda ke kusa da kai sai ya ɗaga murya kake jin sa, ka rage. In kuma ka cire ekuter kunnen ya ci gaba da ƙara har washegari, je ka ga likita.